Cin da Aka Soke Bayan An Miƙa Kofi: Nazarin Wasan Ƙarshe na Gasar CCHA ta 2022

A daren Asabar 19 ga Maris, 2022, a garin Mankato da ke kudancin jihar Minnesota ta Amurka, ƙungiyar hokin ƙanƙara ta Jami'ar Minnesota State ta doke takwararta ta Jami'ar Bemidji State da ci 2 da 1, ta ɗauki Kofin Mason, wato kofin gasar rukunin jami'o'i na CCHA da ƙungiyoyin biyu ke ciki. Wanda ya ga sakamakon kawai a jarida ba zai ga wani abin mamaki ba, domin Minnesota State ce kan gaba a ƙasar a lokacin, kuma a gidanta aka buga wasan. Abin da sakamakon bai nuna ba shi ne sau biyu ta ci wasan a dare ɗaya. An yi murnar ci na farko, an gaisa, an miƙa kofi, an ɗauki hotuna, 'yan kallo sun fara watsewa, sannan aka soke cin aka ce kowa ya dawo fili. Tsakanin cin da aka soke da ci gaba da wasa an ɗauki fiye da awa guda.

Kafin a shiga abin da ya faru, ya kamata a san abin da ake nema a irin wannan wasa, don nan ne nauyin lamarin yake. Jami'o'in Amurka da ke buga hokin ƙanƙara na maza a babban mataki kimanin 60 ne, kuma a shekarar 2022 an raba mafi yawansu cikin rukuni 6. Hukumar NCAA, wadda ke kula da wasannin jami'o'i, tana shirya gasar ƙasa ta ƙungiyoyi 16 a ƙarshen kaka. Gurbi 6 daga ciki na waɗanda suka lashe gasar sili-ɗaya-ƙwale ta rukuninsu ne, ko da kuwa sun yi kakar wasa marar kyau. A lokacin, sauran 10 ana raba su ne bisa wani lissafi da ake kira PairWise, wanda ke auna kowace ƙungiya da sauran ta fuskar nasarori da ƙarfin abokan karawa. Saboda haka gasar rukuni ba ɗaya take a wurin kowa ba. Ga ƙungiyar da ke saman teburi, kofi ne da martaba da neman matsayi mai kyau a jadawalin gasar ƙasa. Ga wadda ke tsakiya kuwa, ita ce ƙofa ɗaya tilo da ta rage, kuma idan ta rufe, 'yan wasan da ke shekararsu ta ƙarshe a makaranta sun gama buga wa jami'arsu ke nan har abada.

Rukunin CCHA kansa sabo ne a wannan shekara, ko da yake sunansa tsoho ne. An kafa shi a 1971, ya rushe a 2013 lokacin da manyan jami'o'insa suka watse zuwa wasu rukunai, musamman bayan da rukunin Big Ten ya buɗe nasa ɓangaren hoki. A kakar 2021 zuwa 2022 aka farfaɗo da shi, bayan jami'o'i bakwai sun fice daga rukunin WCHA, wato Bemidji State, Bowling Green, Ferris State, Lake Superior State, Michigan Tech, Minnesota State da Northern Michigan, sannan Jami'ar St. Thomas ta zama ta takwas. Aka naɗa Don Lucia kwamishina, mutumin da ya horar da Jami'ar Minnesota ta lashe kofin ƙasa a 2002 da 2003. Aka kuma dawo da Kofin Mason, wanda aka sa wa sunan Ron Mason, kocin da ya yi nasara a wasanni 924 a rayuwarsa ta horarwa. Ke nan wasan Mankato shi ne wasan ƙarshe na farko na rukunin tun dawowarsa, kuma shi ne dare na farko da idon masu bin hoki a faɗin ƙasar ya koma kansa gaba ɗaya.

Minnesota State, ƙarƙashin koci Mike Hastings, ta zo wasan da ƙarfinta. Sau 5 kacal aka doke ta a duk kakar kafin wannan dare, ta riga ta ɗauki Kofin MacNaughton na zakaran wasannin lig, kuma mai tsaron ragarta Dryden McKay shi ne wanda daga baya aka ba lambar Hobey Baker ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i na shekarar. Ko an doke ta a wannan dare, gurbinta a gasar ƙasa yana nan. Bemidji State, wadda Tom Serratore ke horarwa tun 2001, ta ƙare lig a matsayi na uku, nasarorinta da rashin nasarorinta kusan kunnen doki, kuma lissafin PairWise ba zai kai ta ko'ina ba. Ta sha da ƙyar a hannun Bowling Green a zagayen farko, inda sai da aka buga wasa uku, sannan ta je har garin Houghton ta fitar da Michigan Tech a wasan daf da na ƙarshe. Ba ƙaramar ƙungiya ba ce a tarihi, domin ta kai zagayen 'yan huɗu na ƙasa a 2009, kuma a 2021 ta fitar da Wisconsin daga gasar ƙasa, amma a wannan kaka ba ta da wata hanya sai ta ɗauki kofin.

Akwai kuma ɓangare na uku da ba ya cikin filin. A wannan daren ne Harvard ta lashe gasar rukunin ECAC, ta karɓi gurbin da ba za ta samu ta hanyar lissafi ba, abin da ya rage guraben masu jiran PairWise. Jami'ar Northeastern da ke Boston ce ta rage a bakin layi. Da Bemidji ta yi nasara, da ita ma ta ƙwace gurbi ɗaya, kuma Northeastern ce za ta faɗo. Don haka hukuncin da za a yanke a Mankato ya shafi kakar wata ƙungiya da ke nesa da wurin fiye da kilomita dubu.

An tashi mintuna 60 na wasan 1 da 1. A wasannin sili-ɗaya-ƙwale na hokin jami'o'i ba a zuwa bugun raba gardama. Ana ƙara mintuna 20 ne, mutum biyar-biyar ban da masu tsaron raga, kuma duk wanda ya fara ci ya gama wasa nan take. Minti 3 da daƙiƙa 2 da shiga ƙarin lokaci, Josh Groll na Minnesota State ya kutsa da faifan da ake bugawa a maimakon ƙwallo zuwa bakin raga, ya kewaye mai tsaron ragar Bemidji, Mattias Sholl, sai ga faifai a cikin raga. 'Yan wasan gida suka zubo daga benci, suka yi jifa da sanduna da safar hannu, filin ya ɗauki ihu. Alƙalan wasa suka duba bidiyo kamar yadda aka saba, suka tabbatar da ci.

A nan sai an fahimci yadda ragar hoki take. Faɗinta ƙafa 6 ne, tsayinta ƙafa 4, kuma firam ɗin ƙarfe ce da ke zaune a kan ƙanƙara, tana da wani ƙarfe da ya kewaya ta ƙasa daga turke zuwa turke ta baya, wanda aka ɗaure zaren ragar a jikinsa. Ba a kafe ta da ƙarfi, saboda 'yan wasa suna tahowa da gudu, kuma idan mutum ya yi karo da ƙarfen da ba ya motsi zai iya karyewa. Shi ya sa ake riƙe turakun biyu da wasu 'yan fegi masu lanƙwasuwa da ke shiga rami a cikin ƙanƙara, yadda ragar za ta iya ɗagawa ko ta tsige idan an buge ta. Shi kuma faifan da ake bugawa na baƙar roba ne mai tauri, faɗinsa inci 3, kaurinsa inci 1 kacal. Ma'ana, idan gefen ragar ya ɗaga da ɗan abin da ya wuce inci ɗaya, ko da na ƙiftawar ido ne, faifai zai iya sulalewa ta ƙarƙashi ya kwanta a ciki kamar ta gaba ya shiga. Abin da ya faru ke nan. Yayin da mai tsaron raga ya zame ya tokare turke don toshe kusurwa, gefen ragar ya ɗaga, faifan Groll ya bi ta wajen turken ya shige ta ƙasa. Doka kuwa a fili take: ci ba ya tabbata sai faifai ya tsallake layi tsakanin turaku biyu, ƙarƙashin ƙarfen sama, ta gaba.

Babu wata alama da ke nuna Groll ya san abin da ya faru, kuma babu dalilin zarginsa. Ɗan wasan da ke kan gudu, ya tura faifai ya gan shi a raga, ba shi da lokacin duba ta ina ya bi. Haka ma alƙalan da ke kan ƙanƙara. Inda matsalar take shi ne dubawar farko, domin hotunan da aka kalla a lokacin ba su nuna ɗagawar ragar ƙarara ba, kuma ba a tsaya neman wasu ba. Aka ci gaba da biki. Ƙungiyoyin biyu suka yi layi suka gaisa, Lucia da kansa ya miƙa kofi, 'yan Bemidji suka shige ɗakin sauya kaya da sanin cewa kakarsu ta ƙare.

Daga nan ne wasu hotunan bidiyo daga wasu kusurwoyi suka fara fitowa, suka bazu a kafafen sada zumunta, suka kuma isa hannun mutanen Bemidji da jami'an rukunin. Da aka kalle su a hankali sai shakka ta kau. Lucia ya tattauna da alƙalan wasa da masu horarwa, aka sake duba bidiyon, aka soke cin, aka ba da umarnin a gyara ƙanƙara, a ba 'yan wasa ɗan lokaci su motsa jiki, a mayar da agogo inda ya tsaya, saura minti 16 da daƙiƙa 58. Dalilin da kwamishinan ya bayar bayan wasa shi ne ba ya son a kawo ƙarshen rayuwar wasan wani ɗalibi da cin da ba ci ba ne.

Yana da kyau a tsaya a kan halin da 'yan wasan suka dawo a ciki, domin masu yabon hukuncin sukan wuce wannan da sauri. Ɗan hoki yana sanye da kaya masu nauyi, daga kwalkwali zuwa matasan kafaɗa da na ƙwauri, da takalma masu kaifin ƙarfe da ake ɗaurewa tamau. Bayan fiye da awa guda na gudu, kayan sun jiƙe sharkaf da gumi. Wanda ya kwance su ya zauna, jikinsa ya yi sanyi, tsokoki sun ɗaure, sai a ce ya mayar da jiƙaƙƙun kaya ya koma wasan da kuskure ɗaya ke gamawa. Ɗaya ɓangaren ya riga ya yi murna har ya huce, ɗayan ya riga ya yi kuka ya yi bankwana da juna. Kujeru da yawa sun zama wayam, ko da yake wasu 'yan kallo da labari ya iske a waje sun juyo. Abin da aka ci gaba da shi, a gaskiya, ba wasan da aka dakatar ba ne, wani sabon wasa ne gajere da aka ɗora a kan agogon tsohon.

Bai daɗe ba. Minti biyu da 'yan daƙiƙu da komawa, Jack McNeely, ɗan bayan Minnesota State wanda ba a san shi da yawan ci ba, ya buga faifai ya wuce Sholl, wannan karon ta gaba, aka tashi 2 da 1.

Tambayar da ta rage ita ce ko kwamishinan yana da hurumin yin abin da ya yi. Masu goyon bayansa sun dogara ne da ƙa'idar duba bidiyo, wadda ta ce ba a soke ci ko a tabbatar da shi da zarar an sake jefa faifai an ci gaba da wasa. Cin ƙarin lokaci kuwa ba a sake jefa faifai bayansa, saboda haka a zahirin lafazi ƙofar gyara ba ta rufe ba. Masu suka suka ce wannan fassara ta wuce gona da iri, domin idan haka ne babu ranar da ƙofar za ta rufe, kuma ana iya dawo da ƙungiyoyi washegari ko bayan mako guda. Suka ƙara da cewa dokokin NCAA ba su yarda da ɗaukaka ƙara a kan sakamakon wasa ba, kuma abin da ya faru, ko da wane suna aka kira shi, ƙorafin wanda aka doke ne aka saurara bayan an tashi. Akwai kuma batun wanda ya yanke hukuncin. Alƙalanci aikin alƙalan wasa ne, kwamishina kuwa jami'in gudanarwa ne, kuma shigarsa cikin hukuncin fili, komai kyawun niyyarsa, tana buɗe hanyar da wani mai mugun nufi zai iya bi gobe.

Masu bin ƙwallon ƙafa sun san irin wannan taƙaddama ta fuska biyu. A watan Oktoban 2013 a gasar Jamus, ƙwallon da Stefan Kiessling na Bayer Leverkusen ya sa wa kai ta shiga ragar Hoffenheim ta wata ɓula a gefe, alƙali ya ba da ci, kuma kotun wasanni ta ƙi yarda a sake wasan duk da cewa duniya ta ga abin da ya faru. A watan Janairun 2022 kuma, watanni biyu kafin wasan Mankato, alƙalin wasan Tunisiya da Mali a gasar cin kofin Afirka a Kamaru ya hura tashi kafin lokaci ya cika, aka nemi ƙungiyoyin su dawo bayan sun shige ciki, Tunisiya ta ƙi. A Jamus an zaɓi a bar kuskure ya tsaya don kare ƙarshen wasa, a Kamaru an nemi gyara amma ba a samu haɗin kai ba. Abin da ya bambanta Mankato shi ne wanda aka nemi ya dawo shi ne mai riƙe da kofi, kuma ya dawo.

A ganina hukuncin ya yi daidai, amma ba don dalilin da aka fi ambata ba. Ba kowane kuskuren alƙali ne ya cancanci a dawo da mutane fili ba. Da a ce gardamar a kan keta ce, ko a kan ko wani ya tokare mai tsaron raga, da barin sakamakon ya fi, domin waɗannan abubuwa ne na ra'ayi, kuma alƙalai biyu na iya kallon hoto ɗaya su saɓa. Wannan kuwa ba ra'ayi ba ne: faifai bai bi ta tsakanin turaku ba. Bugu da ƙari, kuskuren ya faru ne a daƙiƙar ƙarshe ta wasan, babu wani abu da ya biyo bayansa da za a warware, ƙungiyoyin biyu da alƙalai suna nan kusa, ƙanƙara tana nan. Gyaran ya mayar da kowa daidai inda yake kafin kuskuren, 1 da 1, ba a ba Bemidji komai ba sai damar da ta riga ta mallaka. Haɗuwar waɗannan sharuɗɗa a lokaci guda abu ne mai wuya, kuma shi ya sa ba na jin tsoron da masu suka ke yi na cewa kowane wasa zai zama abin sakewa.

Sai dai dole a faɗi cewa sakamakon ya rufa wa kowa asiri. Da Bemidji ce ta ci bayan dawowa, da Minnesota State ta rasa kofin da aka riga aka damƙa mata a gaban magoya bayanta, da Northeastern ta rasa gurbin gasar ƙasa saboda shawarar kwamishinan wani rukuni da ba nata ba, bisa fassarar doka da ba kowa ya yarda da ita ba, ana saura sa'o'i kaɗan kwamitin NCAA ya sanar da jadawali ranar Lahadi. Da wuya a ce da an yi ta yabon Lucia kamar yadda aka yi. Hukuncin da za a yaba idan wannan ya ci, a la'ance shi idan wancan ya ci, yana nuna cewa ba a kan rubutacciyar ƙa'ida ya tsaya ba, a kan mutuncin mutum ɗaya da haƙurin koci ɗaya ya tsaya. Hastings yana da abin da zai fake da shi ya ƙi fitowa, kuma ba a san yadda rukunin zai yi da shi ba da ya ƙi. Gaskiya ne cewa gurbin ƙungiyarsa a gasar ƙasa ba ya cikin haɗari, wanda ya sauƙaƙa masa, amma mayar da yara fili bayan sun ɗaga kofi ba ƙaramin abu ba ne.

Babban laifin yana can baya, a mintunan farko bayan cin Groll. Wasan ƙarshe ne, cin da ya kashe wasa ne, kuma faifan ya shiga ne daga kusurwa mai ƙunci a daidai lokacin da mai tsaron raga ke jikin turke. Duk waɗannan dalilai ne na a tsayar da biki, a tara duk hotunan da kyamarorin filin da na masu watsa wasan suka ɗauka, a kalle su ɗaya bayan ɗaya kafin a fito da kofi. Minti biyar na jira a lokacin da 'yan wasa ke kan ƙanƙara da kayansu a jiki da ya wadatar. Hoton da ya warware gardamar yana nan tun farko, bai dai isa gaban masu hukunci ba sai da ya zaga ta wayoyin mutane. Wannan gazawar tsari ce, kuma ta rukunin ce, wanda shi ne mai shirya wasan. Ke nan kwamishinan da aka yaba wa don gyara kuskuren shi ne kuma shugaban hukumar da ta bari kuskuren ya kai har ga miƙa kofi.

Washegari aka fitar da jadawalin gasar ƙasa. Northeastern ta samu gurbinta, Western Michigan ta fitar da ita a wasan farko da ci 2 da 1 a ƙarin lokaci. Michigan Tech, wadda Bemidji ta fitar daga gasar rukuni, ta shiga ta hanyar lissafi, Bemidji kuwa ta zauna a gida. Minnesota State ta doke Harvard 4 da 3 da Notre Dame 1 da 0 a birnin Albany, ta lallasa Jami'ar Minnesota 5 da 1 a Boston, ta kai wasan ƙarshe na ƙasa karo na farko a tarihinta a babban mataki. A ranar 9 ga Afrilu tana gaba da ci 1 da nema har aka shiga zubi na uku, wato na ƙarshe a wasan hoki, sannan Denver ta zura biyar a jere ta ɗauki kofin, ta kuma katse mata jerin nasarori 18. Bemidji ta sake kai wa wasan ƙarshe na Kofin Mason a 2024, wannan karon a gidanta kuma a matsayin zakarar lig, Michigan Tech ta doke ta 2 da 1.